Masassaƙan dutsen Indiya da maginan Zazzau

Jiya da daddare a majalisarmu ta Ƙofar Kibo wani ya nuna mana bidiyon wurin ibadar Hindu da aka buɗe a Abu Dhabi ranar 14 ga Fabrairu, 2024. Aka yi ta gardamar ko ya dace ƙasar Musulmi ta ba da fili. Wannan na bar wa malamai. Ni aikin ne ya tsaya mini a rai.

Dutsen daga Rajasthan ta Indiya aka fasa shi. A can masassaƙa suka zauna da guduma da kurfi suna fitar da furanni da giwaye da raƙuma, aka sa wa kowane yanki lamba, aka ɗauko a jirgin ruwa, aka zo aka harhaɗa. Ba a ɗaure ginin da rodi ba. Sana'ar gado ce, kuma ba ta mutu ba saboda har gobe ana ba su aiki.

To mu fa, jama'a? A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834 zuwa 1846) Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na cikin birni da tubali da azara kawai. Ya ɗaura bakan gizo, ya tayar da ginshiƙai masu zane, rufi ya tsaya ba ƙarfe ba siminti. Azara itacen giginya ce, gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa ginin ya ga sarakuna da yawa. Masana gine-gine sun zo sun auna shi, har aka gina kwafinsa a gidan tarihi na Jos. Wajen 1975 kuma aka lulluɓe shi da ginin kankare.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana sallar la'asar, wani sashe ya rufta kan masallata. Aƙalla mutum 7 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Ginin ƙasa yana son yaɓe da dubawa kafin kowace damina, kuma sai wanda ya san ɗaurin ke gane tsagewar da ke da haɗari. Unguwar Babban Gwani tana nan. Amma wallahi ku zaga ku ƙirga matasan da za su iya ɗaurin guga yau. Yawanci ɗan magini bulo ya koya, don shi ake kiran sa ya yi.