Poka: tarihin wata kalma da wasan da ta ɗauko

A fada ko a ɗakunan ƴan makaranta, in an ce karta, belot muka sani. Amma yanzu wani suna ya shigo bakin samari ta hanyar salula da finafinan Amurka, wato poka. Ni da nike karatun ilimin harsuna, in na ji baƙuwar kalma, tambayata ta farko ita ce: daga ina ta fito, kuma mi ta ɗauko a kanta? Da na bi sawun wagga, sai na tarar sunan kansa ya riga ya faɗi halin wasan.

Karta ta shiga Turai a wajen shekarun 1370, kuma masana sun fi danganta ta da Masar ta zamanin Mamluk. Daga nan kowace ƙasa ta ƙirƙiro wasanninta. Jamusawa suna da wani tun ƙarni na 15 mai suna Poch, daga aikatau pochen, wanda ke nufin ƙwanƙwasa, kuma yana nufin cika baki. Faransawa suna da ɗan uwansa, poque. Ingilishi kuwa suna da brag, shi ma ma'anarsa cika baki. Kun ga harsuna uku, ma'ana ɗaya.

Poque ya bi Faransawa har birnin Niyu Oliyans, a bakin kogin Misisipi. A 1803 Faransa ta sayar wa Amurka yankin Luwiziyana, masu jin Ingilishi suka kwararo, suka tarar da wasan. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne bakinsu ne ya ja kalmar ta zama gaɓa biyu, poque ta koma poker. Wanga ba abin mamaki ba ne gare mu. Mu da muka maida l'école lakkwal, muka maida table tebur, ai mun san yadda baki ke sassaƙa baƙuwar kalma har ta zauna. Mu ma ga shi mun yanke mata wutsiya mun ce poka.

Wani ɗan wasan kwaikwayo Bature, Joseph Cowell, ya ba da labarin poka da ya gani a 1829 cikin jirgin ruwa. A lokacin da karta 20 kawai ake yi: as, sarki, sarauniya, bara da goma. Mutum huɗu, kowa biyar, ba canji ba ƙari. Ka duba hannunka, ka zuba kuɗi ko ka janye, shi ke nan. Jiragen ruwa masu tururi suka ɗauki wasan suka haura da shi Misisipi, tare da ƴan kasuwa masu kuɗi a aljihu da ƴan damfara masu jiransu. Ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan da suka ambaci poka, na Jonathan Green ne na 1843, tsohon ɗan caca da ya tuba, kuma don gargaɗi ya rubuta shi. A wancan zamani akan kira wasan da wani suna kuma, bluff, abin da mu za mu ce burga.

Da ƴan wasa suka yi yawa, sai aka koma ga cikakkiyar karta mai 52, kuma a nan ne tsarin da ake bi yau ya kafu. Sabon shiga yakan zauna yana haddar wane hannu ya fi wane, alhali ƙa'ida ɗaya ce: abin da ya fi wuyar samu shi ke bisa. Daga karta 52 ana iya fidda hannu mai karta biyar iri 2.598.960. Cikinsu, masu tagwaye ɗaya, kamar bakwai biyu, sun kai 1.098.240, shi ya sa ba su da daraja sosai. Tagwaye biyu 123.552, uku iri ɗaya 54.912, jeri na biyar a bin juna 10.200, biyar masu alama ɗaya 5.108. Uku da tagwaye a haɗe 3.744, huɗu iri ɗaya 624. Jeri mai alama ɗaya 40 ne kacal, kuma huɗu daga cikinsu, daga goma zuwa as, su ne sarakunan wasan. Damar a raba maka irinsu ɗaya ce cikin 649.740. In ka riƙe wanga lissafi, ka riƙe rabin wasan.

Ɗaya rabin shi ne zubi. In layi ya zo kanka, ko ka wuce in ba wanda ya zuba, ko ka zuba, ko ka biya daidai da na gabanka, ko ka ƙara, ko ka aje kartarka ka haƙura da abin da ka riga ka sa. Tulin tsakiya na mai hannu mafi ƙarfi ne, ko na wanda kowa ya janye ya bar shi shi kaɗai. A nan burga ke shigowa: mai hannun banza yana iya ƙara kuɗi da fuskar shanu har mai hannu mai kyau ya tsorata ya aje. Abin da pochen da brag suke faɗi tun farko ke nan.

A tsakiyar ƙarni na 19, musamman lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, sojoji suka yaɗa sababbin iri. Akwai ta canji, inda ake ba ka biyar a rufe, ka yar da waɗanda ba ka so a ba ka wasu. Akwai stud, inda wasu kartocinka ke buɗe kowa na gani. A mai bakwai, huɗu a buɗe, uku a rufe, ka zaɓi biyar mafi kyau.

Wadda ta mamaye duniya yau ita ce Texas Hold'em. Jihar Teksas ta ce a garin Robstown aka haife ta a farkon ƙarni na 20, kuma daga baya ƴan cacar jihar suka kai ta Las Begas. Kowa na samun karta biyu a rufe, sannan a shimfiɗa biyar a tsakiya na kowa da kowa: uku tare, sai ɗaya, sai ɗaya, da zubi zagaye huɗu. Omaha ƙanwarta ce, sai dai huɗu ake ba ka, kuma dole ka yi aiki da biyu cak daga hannunka da uku daga tsakiya.

A 1970 Benny Binion ya buɗe gasar duniya a gidan cacarsa na Las Begas, da mutane ƙalilan, har ma ƙuri'a aka kaɗa aka ba Johnny Moss kambun. Abin da ya juya komi shi ne 2003. Wani akanta mai suna Chris Moneymaker ya samu kujera ta hanyar ƙaramar gasa a intanet, ya doke kowa cikin mutum 839, ya tashi da dala miliyan 2 da rabi, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa ba. Zuwa 2006 masu shiga gasar sun kai 8.773.

To, a nan nike so mu tsaya, ƴan uwa. Labarin mutum ɗaya aka yayata, amma kujerar gasar dala 10.000 ce, kuma mafi yawan waɗanda suka zauna da shi hannu wofi suka koma gida. Gaskiya ne poka ba sa'a ce zalla ba, akwai lissafi da karanta mutum. Sai dai ma'anar hakan ita ce gwani daga aljihun sabon shiga yake ci, mai gidan kuma yana cire la'adarsa daga tulin, ko wa ya ci. Haka abin yake a jirgin Misisipi, haka yake a salular da ke hannunka, kuma kuɗin bursinka ko na hayar ɗakinka su ne abincin. Addininmu ya riga ya haramta caca ƙarara, lissafin ma bai saɓa masa ba. Wanda ke sha'awar wasan don wasa ƙwaƙwalwa, tsakuwa ko ƙwallon dabino sun isa zubi, ƙa'idojin ba su canza ba.