Ranar Al'adu a Makaranta da Harsunan da Ba a Gayyata

Bikin ranar al'adu da makarantu ke shiryawa, inda ɗalibai ke fitowa cikin tufafin ƙabilu suna rawa ana ɗanɗana girke-girke, yana da tushe a siyasar ƙasa. A 1966 gwamnatin tarayya ta buɗe kwalejoji uku a Sakkwato da Warri da Okposi domin haɗa yaran yankuna a ɗakin kwana ɗaya. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ya ƙare a Janairun 1970. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta faɗaɗa kwalejojin zuwa sauran jihohi, a shekarar da ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima. Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, tana da nata rabon: kwalejin 'yan mata a Kazaure da wata a Kiyawa, maƙwabciyar Jahun.

Manufar ita ce ɗinke ɓarakar da yaƙi ya bari, kuma ɓarakar ta manyan yankuna ce. Shi ya sa bikin ya taso da ƙafa uku: Bahaushe, Bayarabe, Ibo. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ƙarfafa wannan lissafi, domin ta nemi kowane yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsunan uku ban da nasa. Tsarin ya yi amfani inda aka yi shi dominsa. Matsalar ta taso ne da makarantun jiha da na kuɗi suka are shi yadda yake, har a wuraren da bambancinsu wani iri ne dabam.

Fadamar kogin Haɗejiya tana cikin irin waɗannan wurare. Kafin jihadi ƙananan sarautu ne a nan, irin su Auyo da Garun Gabas da Haɗejiya kanta, suna biyayya ga Borno ta hannun Galadima da ke Nguru. Ambaliyar shekara-shekara ta tara masunta da manoman shinkafa da makiyaya a kan ruwa ɗaya, kowa da lokacinsa: masunci yana shiga ruwa na cike, manomi na bin sawun ruwan in ya ja baya, makiyayi ya sauko da rani. Har yau akwai Mangawa da sauran Barebari a Birniwa da Kirikasamma, akwai Badawa wajen Guri, Fulani kuwa ko'ina. Jahun, da ke masarautar Dutse a yanzu, ta ba wani reshen Fulani suna, wato Jahunawa, kodayake da yawa daga jikokinsu sun fi sakewa da Hausa.

Akwai kuma waɗanda suka yi shiru gaba ɗaya. Auyo tana da harshenta a da, haka Shira da Teshena. Masanin harsuna Russell Schuh, wanda Hausawa suka sani da Malam Takalmi, ya bi ɗan abin da aka rubuta na kalmominsu ya nuna danginsu ɗaya da Badanci. Dukkansu sun mutu. Hausa ta haɗiye su. Ba makarantar boko ce ta kashe su ba, domin kasuwa da fada da auratayya sun riga ta aiki. Sai dai ta zo ta buga hatimi. Tun makarantar da Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, Hausa ce harshen aji a ƙasashen sarakuna. Da shirin firamare kyauta na 1976 ya kai azuzuwa ƙauyuka, manufar 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yawa a muhallinsa. A fadamar nan zaɓi na biyu ne ya yi rinjaye, saboda da Hausa ake da littattafai da malamai.

Sakamakon abin ban dariya ne in ba don nauyinsa ba. Yarinyar da kakarta ke mata tatsuniya da Manganci sai a ɗaura mata ashoke ta wakilci Yarabawa, a tafa mata, ta koma gida ba wanda ya tambaye ta yadda ake gaisuwa a gidansu. Ashoken ba laifi ba ne. Sanin baƙo na nesa alheri ne. Amma na kusa da ita a benci, wanda ke jin kunyar Badancinsa don kada a kira shi baƙauye, an lissafa shi cikin rukunin “Hausa-Fulani”, laƙabin da siyasa ta fi makaranta buƙatarsa.

Fulani makiyaya sun ɗan sami matsayi a hukumance da aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa a 1989, wadda daga baya aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta. Badanci kuwa yana da ƙamus, wanda Schuh da abokan aikinsa na Jihar Yobe suka wallafa. Daga Guri zuwa Gashuwa, inda masarautar Bade take, ruwan fadama ɗaya ne.