Josef Stefan da lissafin kaurin ƙanƙara

A 1822 Joseph Fourier ya wallafa littafinsa a Faransa, inda ya nuna da lissafi yadda zafi ke ratsa ƙarfe ko dutse. Amma lissafin nasa ya fi tafiya daidai idan iyakar abin da ake aunawa a tsaye take. Ruwan da ke daskarewa ba haka yake ba: mahaɗar ƙanƙara da ruwa kullum matsawa take yi, kuma sanin inda take shi ne rabin tambayar.

Tun wajajen 1760 Joseph Black na Glasgow ya gano cewa ƙanƙara na shanye zafi mai yawa wajen narkewa ba tare da ma'aunin zafi ya motsa ba. Zafin da zai narkar da kilo 1 na ƙanƙara ya isa ya ɗaga kilo 1 na ruwa daga digiri 0 zuwa kusan 80. In ruwa zai daskare, dole wannan zafin ya samu hanyar fita.

Nan Josef Stefan ya shigo, ɗan ƙabilar Siloben da aka haifa a 1835 kusa da Klagenfurt, farfesa a Jami'ar Biyana, malamin Ludwig Boltzmann. A 1889 ya duba yadda tekun can ƙuryar Arewa ke daskarewa. Hujjarsa mai sauƙi ce: zafin da ke fita daga ruwan da ke ƙasa sai ya ratsa ƙanƙarar da ta riga ta taru a sama, ita kuwa kamar bargo take, gwargwadon kaurinta gwargwadon tare hanyar. Saboda haka in sanyi bai sauya ba, kaurin da ya samu a kwana 10 ba zai ninka ba sai a kwana 40. Ya gwada wannan da awon da matafiyan Ingila da Jamus suka kawo daga can, aka ga sun yi kusa.

Gaskiya dai ba shi ya fara ba. Wasu masana biyu, Lamé da Clapeyron, sun taɓo matsalar tun 1831, suna nazarin yadda narkakkiyar duniya ta yi ɓawo, Franz Neumann ma ya warware ta a laccocinsa a Königsberg. Sai dai sunan Stefan ne ya bi ta, kuma a ganina awon nan ya jawo masa, don shi ya kai lissafin gaban ƙanƙara ta gaske. Ya rasu a 1893. Yau injiniyoyin masana'antar ƙarfe na warware irin wannan lissafi a kwamfuta, don su san tsawon lokacin da narkakken ƙarfe zai ɗauka kafin cikinsa ya daskare.