Ɗigo goma na Petersen

Maganar ta samo asali ne daga taswira. A 1852 wani matashi a Ingila, Francis Guthrie, ya lura cewa launi huɗu sun isa a shafa wa taswira ba tare da maƙwabta biyu sun zo da launi ɗaya ba. Lura daban, hujja daban. Wani lauya, Alfred Kempe, ya kawo hujja a 1879, ya kafa ta kan abin da lissafin Euler ya tabbatar: duk taswirar da aka shimfiɗa a takarda, ba a rasa ƙasar da maƙwabtanta ba su wuce biyar ba. Wannan batu yana nan daram. Hujjar Kempe ce dai wani masanin lissafi, Heawood, ya rushe a 1890.

Ni dabarar Peter Tait na Edinbara ta fi burge ni. A 1880 ya ce a ƙyale ƙasashe, a dubi iyakoki. A ɗauka kowace mahaɗar iyakoki ɗigo ce mai layi uku. In aka iya shafa wa layukan launi uku, kowane ɗigo ya samu ukun nan dabam-dabam, to launi huɗu sun isa taswirar. Kowane launi kenan ya haɗa ɗigogin biyu-biyu, babu wanda aka bari shi kaɗai. Tait ya ɗauka a fili yake cewa kullum ana iya shafa wa layukan launi uku haka.

Julius Petersen, ɗan ƙasar Danmak da ya yi suna wajen rubuta littattafan makaranta, bai yarda da "a fili yake" ba. A 1891 ya tabbatar cewa in kowane ɗigo na da layi uku, kuma babu layin da cire shi zai raba zanen gida biyu, to ana samun haɗin biyu-biyu aƙalla guda. Guda fa, ba uku ba. A 1898 ya kawo misalin zanen da launi uku ba sa isa. Ɗauki biro ka zana: ɗigo biyar a kewaye, ka haɗa su zobe, tauraro mai tsini biyar a ciki, sai layi daga kowane tsini zuwa ɗigon da ke gabansa. Ɗigo 10, layi 15. Gwada shafa wa layukan ja, shuɗi da baƙi. Ko ta ina ka fara, sai ka iso inda launi na huɗu kawai zai fitar da kai.

Sai dai wannan zane ba ya shimfiɗuwa a takarda sai layuka sun ƙetare juna, saboda haka bai kashe zancen Tait game da taswira ba. William Tutte ya fitar da sharaɗin haɗin biyu-biyu na kowane irin zane a 1947, amma maganar taswirar sai 1976 Appel da Haken suka kammala ta da kwamfuta a Jami'ar Illinois.

Malaman lissafi na sakandare, don Allah ku zana wannan a allo, ku ba yara alli kala uku su gwada.