Ido Ke Saukar da Jirgi: Bahasi a kan Koyon Sauka a Na'urar Kwaikwayon Tuƙin Jirgin Sama

Tsakure

Wannan maƙala ta duba mas'alar ko ɗalibin tuƙin jirgin sama na iya koyon sauka a cikin na'urar kwaikwayo wadda ba ta motsi. Ta auna sakamakon gwaje-gwajen da aka wallafa da lissafin kusurwar gangarowa, ta kuma kai ga hukuncin cewa mafi yawan abin da ke bin ɗalibi daga na'ura zuwa jirgin gaskiya horon ido ne.

Muƙaddima

Malaman tuƙin jirgin sama sun yi ittifaƙi a kan cewa, duk cikin darussan da ake ɗora wa sabon ɗalibi, babu wanda ke cinye lokaci da dukiya, yake kuma karya zuciyar mai rauni, kamar sauka. Domin kuwa malami ba ya yarda ya fita daga jirgi ya bar almajirinsa ya tashi shi kaɗai sai ya sakankance cewa zai iya dawo da jirgin ƙasa lafiya. Inda saɓani ya shigo shi ne wajen amfanin na'urar kwaikwayo. Wasu na da'awar cewa sauka abu ne da ake ji a jiki, don haka na'urar da ba ta girgiza mutum wasan yara ce. Wannan da'awa ce muka ɗaura niyyar warwarewa, saboda tana hana makarantu masu ƙaramin ƙarfi cin moriyar abin da ke hannunsu.

Bitar Ayyukan Magabata

Asalin wannan shubuha yana komawa ga Edwin Link, mutumin Binghamton a jihar New York ta Amurka, wanda a shekarar 1929 ya ƙera akwatin koyon tuƙi, ya ɗora shi bisa zugazugai irin waɗanda ake sa wa kayan kiɗa masu aiki da iska a masana'antar mahaifinsa, har akwatin ya riƙa karkata yana sunkuyawa kamar jirgi. Bayan da matuƙan soja fiye da goma suka halaka a 1934 wajen jigilar wasiƙu cikin mummunan yanayi, sai rundunar sojan ta sayi akwatin guda shida, kuma kafin a gama Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000. Tun daga nan motsi ya zauna a zukatan mutane a matsayin ruhin na'urar, alhali ɗalibin da ke cikin akwatin Link rufe shi ake yi ruf, yana karanta agogunan jirgi kawai, ba ya ganin titin sauka ko kaɗan. Manyan na'urori na yau masu ƙafafu shida, waɗanda ƙwararren matuƙi kan koyi sabon jirgi a cikinsu har ya yi saukarsa ta farko da fasinjoji a bayansa, sun ƙara wa wannan zato ƙarfi, ko da yake su ma suna da faffaɗan hoto da ke kewaye matuƙi, kuma masu da'awar ba su rarrabe mana rabon motsi da rabon hoto ba.

A ɗaya ɓangaren akwai Stanley Roscoe da Gavan Lintern da abokan aikinsu a Jami'ar Illinois. Roscoe ne ya kawo ma'auni mai sauƙi a farkon shekarun 1970: a ƙirga lokacin da aka rage a jirgin gaskiya, a raba shi da lokacin da aka ɓatar a na'ura. Haka nan Hays da abokansa, da suka tattara gwaje-gwaje masu yawa a 1992, sun iske cewa haɗa na'ura da jirgi ya fi jirgi shi kaɗai, kuma motsi bai ƙara wani abin kirki ba wajen horon jiragen jet.

Hanyar Bincike

Ba mu tara ɗalibai mun yi sabon gwaji ba. Mun ɗauki sakamakon da aka wallafa, muka gwada shi da lissafin gangarowar ƙaramin jirgi irin Cessna 172, don mu ga ko hankali ya yarda da abin da gwaji ya nuna.

Sakamako da Tattaunawa

A 1990 Lintern da Roscoe da Koonce da Segal suka ba da rahoton gwajin da suka yi da sababbin ɗalibai, inda kowane malami yake da ɗalibin da aka ba shi zama biyu na koyon sauka a na'ura mai hoton kwamfuta, da kuma takwaransa wanda ba a ba shi ba. Waɗanda suka bi ta na'ura sun buƙaci sauka kaɗan kafin a sake su su tashi su kaɗai, ragin da masu binciken suka ƙiyasta da kimanin awa ɗaya da rabi ga kowane ɗalibi. Abin tambaya shi ne, mene ne hoto mai sauƙi na wancan zamani ya koyar har ya bi su cikin jirgi?

Amsar tana cikin ilmin kusurwa. Jirgi yakan gangaro bisa kusurwar digiri 3, wato ya yi ƙasa da kimanin ƙafa 318 a kowane mil na teku. Kuma muddin ya tabbata a kan wannan layi, to wurin da zai dira a titi zai kasance daidai digiri 3 ƙasa da ufuƙi, inda sama ta haɗu da ƙasa, ko yana nesa ko ya kusa. In mutum ya miƙe hannunsa ya kwantar da yatsu biyu a ƙarƙashin ufuƙi, ya ga kwatankwacin wannan tazara. Ɗalibi na zaune gaban allo, hannun hagu a kan sandar tuƙi, na dama a kan abin ba da mai. Lambobin da aka rubuta da farin fenti a bakin titi suna girma a hankali, bishiyoyin da ke gabaninsu suna zamewa ƙarƙashin hancin jirgi, ƙarshen titi yana hawa sama, amma wuri guda ya tsaya cik a gilashin gaban jirgi, kamar ƙudan da ya mutu a jikinsa. Can jirgin ya nufa. Idan lambobin suka fara hawa gilashin, jirgi zai dira kafin ya kai gare su. Idan suka fara zamewa ƙasa, zai zarce. Wolfgang Langewiesche ya bayyana wa matuƙa wannan a littafinsa na 1944, sannan James Gibson, wanda ya yi wa rundunar jiragen Amurka aiki lokacin yaƙi, ya mai da shi ƙa'idar ilmin gani a 1950. Tun kafin su da ƙarnoni, Ibn al-Haisam ya tabbatar a Kitab al-Manazir cewa ido yana gane nisa ne ta jerin abubuwan da ke shimfiɗe a ƙasa tsakanin mai kallo da abin kallo. Dukan waɗannan alamomi nisba ce tsakanin layuka, kuma allon da ba ya motsi yana iya zana nisba daidai wa daida.

Hujja ta biyu ita ce yawan maimaici, wanda kowane mai haddar karatu ya san ƙimarsa. Jirgin da ke tafiyar mil 65 na teku a awa bisa digiri 3 yana sauka kimanin ƙafa 345 a minti, saboda haka daga tsayin ƙafa 500 zuwa ƙasa bai wuce minti ɗaya da rabi ba. A jirgin gaskiya, kafin ɗalibi ya sami wannan minti ɗaya da rabi sai ya tashi ya kewaye fili, abin da kan ci kusan minti shida, sai ya zama sauka goma ke nan a awa in fili ba cunkoso. A na'ura kuwa malami na mai da shi ƙafa 500 da latsa maɓalli, ya sami kusan talatin a awa, ya kuma tsai da hoton a tsakiyar kuskure ya ce masa, "Duba inda lambobin suka koma." Tun a 1980 Lintern ya nuna cewa alamomin taimako da ake zanawa a allo sun fi amfani in suna bayyana ne kawai sa'ad da ɗalibi ya kauce, su ɓace da ya dawo kan hanya, domin kada idonsa ya dogara da abin da babu shi a sararin Subhana.

Iyakokin Binciken

Wajibi ne mu amsa cewa 'yan daƙiƙun ƙarshe, inda matuƙi ke rage mai ya ɗaga hanci sannu a hankali ya lallaɓa ƙasa, suna buƙatar ganin gefen ido da nauyin sanda a hannu, kuma ƙaramin allo ya gaza a nan. Haka kuma de Winter da abokansa, a nazarinsu na 2012, sun sami cewa motsi yana taimaka wa sababbin ɗalibai, musamman inda iska ke wujijjiga jirgi. Mun karɓi wannan, sai dai mu tuna cewa lallaɓawa ba ta kyau sai gangarowa ta yi kyau.

Kammalawa

Abin da ya tabbata a gare mu shi ne, na'ura mai araha, in aka haɗa ta da malami mai lura, tana koyar da kaso mafi tsawo na sauka, tana kuma barin 'yan daƙiƙun ƙarshe ga jirgi. Makarantu irin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, suna da ƙarin dalili, domin hazon hunturu yakan shafe ufuƙin da wannan lissafi duka ya ginu a kansa, kuma a na'ura ana iya kawo hazo a kowane wata, bayan idon ɗalibi ya nuna a sarari mai haske. Muna kira ga malamai da su zaunar da kowane ɗalibi gaban allo, su tabbatar ya iya nuna wurin da ba ya motsi da yatsansa, kafin a ƙona masa lita ɗaya ta mai a kewayen fili.