Daga Trovan zuwa ɗigon foliyo: ina bin diddigi ya tsaya, ina jita-jita ta fara? (Zare)

1/ Jiya a guruf ɗinmu na gida an turo saƙon murya, wai kada a kuskura a yi wa yara wata allura da ake yawo da ita. Na tambaya wa ya faɗa, sai wani yayana ya ce "kai yaro ne, ka manta abin da Pfizer ta yi a Kano?" Ban manta ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan zaren. Ku biyo ni, yana da ɗan tsawo.

2/ Labarai biyu ne, duk a Kano suka faru, shekara bakwai tsakaninsu. A na farko masu zargi ne ke da gaskiya. A na biyu ba su da ita, kuma yara ne suka kwana a ciki. In muka gane abin da ya raba su, mun gane bambancin mai bin diddigi da mai yaɗa jita-jita.

3/ Mu fara da 1996. Annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa, ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wato IDH, ya cika maƙil. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya iso da sabon maganinsa, Trovan, don ya gwada shi.

4/ Yara kusan 200 aka saka a gwajin. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su maganin da aka riga aka sani, ceftriaxone. 11 suka rasu: 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Bayan 'yan makonni tawagar ta tattara ta koma.

5/ A yi adalci: kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, kuma ita cutar dama tana barin irin wannan nakasa. Amma babbar tambayar ita ce, shin iyayen sun san gwaji ake yi da 'ya'yansu? Da yawansu sun ce ba wanda ya gaya musu. Kuma wace hukuma ce ta ba da izini?

6/ To ku lura da yadda gaskiyar ta fito. A Disamba 2000 jaridar Washington Post ta buga bincikenta. Aka gano takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna daga baya aka rubuta ta, aka mayar da kwanan watanta baya. A 2001 iyalai suka shigar da ƙara a New York.

7/ Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dr Abdulsalami Nasidi. Rahotonsa ya ce gwajin ya saɓa doka. Aka danne rahoton har sai 2006 ya fito fili. A 2007 jihar Kano ta kai ƙara, a 2009 aka sasanta kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

8/ Kun ga siffar wannan zargin? Akwai sunan magani, sunan asibiti, shekara, adadin yara, takarda da za a iya riƙewa a hannu, shaidu, kotu. Da ƙarya ne, da akwai hanyar da za a bi a ƙaryata shi. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

9/ Yanzu mu zo 2003. Duniya na dab da gamawa da foliyo, wato shan inna. Ƙasashe ƙalilan suka rage, Najeriya na ciki. Sai Dr Datti Ahmed, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, ya fito ya ce ɗigon na ɗauke da maganin hana haihuwa, ana kuma alaƙanta shi da ƙanjamau.

10/ Kada kowa ya ce mutanenmu jahilci ne kawai ya ɗebe su. A Maris na shekarar Amurka ta afka wa Iraƙi. Ciwon Trovan bai warke ba. Tun 1988 gwamnatin Babangida ta fitar da manufar 'ya'ya huɗu ga kowace mace. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

11/ Akwai ma tambayar da iyayenmu mata suka yi, wadda har yau tana da nauyi: me ya sa in yaro na zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda sai mun sayi magani, amma wannan ɗigon ake biyo mu da shi har ƙofar ɗaki kyauta? Wallahi tambaya ce mai kyau. Amsar da aka ɗora mata ce matsala.

12/ Amsar gaskiya: tun 1988 ƙasashen duniya suka ƙuduri aniyar shafe foliyo gaba ɗaya kamar yadda aka shafe agana. In yaro ɗaya na ɗauke da ƙwayar a Kano, kowace ƙasa na cikin haɗari, shi ya sa kuɗin ya kwararo nan. Ka iya kiran haka son kai. Amma son kai daban, guba daban.

13/ Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Sauran suka janye da wuri, Kano ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau ta kai kusan shekara guda. Cewa "a tsaya a gwada" ba laifi ba ne. Aka kuwa gwada, a gida da waje. Nan ne hanya ta rabu biyu.

14/ Masu neman hujja suka karɓi sakamako. A Yuli 2004 Kano ta dawo da rigakafin, da ɗigon da aka yi a Indonesiya, ƙasar da a lokacin ta fi kowace yawan Musulmi. Har 'yar gwamna aka ɗiga wa a bainar jama'a. Wasu kuwa suka ce "ai an saye masu gwajin." To wace hujja ce za ta gamsar da mai wannan maganar?

15/ Ga abin da ya biyo baya. A 2002 yaran da foliyo ya kama a Najeriya kusan 200 ne. A 2006 sun haura 1,000. Ƙwayar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, ta Chadi da Sudan har Yaman. A 2005 ta isa Indonesiya, can inda muka sayo ɗigon.

16/ Ya aka san daga nan ta tafi? Ƙwayar cutar tana ɗan sauyawa a hankali yayin da take yaɗuwa, don haka masana na iya karanta tsarin halittarta su bi salsalarta kamar yadda ake bin nasaba. Wannan ma hujja ce da wani ɗakin gwaji zai iya sake dubawa ya ce e ko a'a.

17/ A Fabrairu 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Allah Ya jiƙansu. Maganar da ta fara da "an ce" ta kai ga jini.

18/ Ni sa'an wannan rikicin ne. A layinmu akwai wanda muka taso tare, yau a keken guragu yake zuwa kasuwa. Yayyenmu kuma da aka ɗiga wa tun shekarun 1990, yanzu mu ne ke zuwa sunan 'ya'yansu. Zargin hana haihuwa ya yi hasashe, shekara 20 ta wuce, hasashen bai tabbata ba.

19/ Abin da ya fi ba ni mamaki: ɗigon yana da illa ta gaske, amma ba wadda aka yi ta faɗa ba. Ƙwayar da aka raunana ce a cikinsa. Inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, takan yi ta yawo tsakaninsu har ta dawo da ƙarfinta. Hakan ya faru a Arewa daga 2005.

20/ Wa ya gano? Masu ɗaukar samfur suna kaiwa ɗakin gwaji, ba masu saƙon murya ba. Kuma ƙin karɓar ɗigon ne ya buɗe wa wannan illar ƙofa. Jita-jita ta sa mun zura ido ga abin da babu, abin da ke akwai ya wuce ta gabanmu.

21/ Kada ku ce ina wanke manya. A 2011 CIA ta yi amfani da wani likita, Shakil Afridi, ta shirya rigakafin bogi a Abbottabad ta Pakistan don farautar Osama bin Laden. Maƙarƙashiya tana faruwa. Amma ita ma 'yan jarida ne suka tono ta, da suna da wuri da wata.

22/ Don haka "ruwa ba ya tsami banza" gaskiya ne, sai dai bai gaya maka abin da ya tsamar da shi ba. Trovan dalili ne na a bincika kowane sabon magani. Ba hujja ba ce cewa kowane magani guba ne. Laifin jiya yana ba ka izinin tambaya, ba ya ba ka amsa.

23/ Tambayoyin da nake yi kafin in tura abu: Wa ya faɗa, yana da suna? Yaushe, a ina? In gaskiya ne, me ya kamata mu gani a ƙasa, kuma mun gan shi? Mutum nawa za su riƙe sirrin, har da likitocin da ke ɗiga wa 'ya'yansu? In na yi kuskure, wa zai cutu?

24/ Babbarsu: me za a nuna min in sauya ra'ayi? In amsarka "babu," in kowace hujja ta zama "ai su ma da su a ciki," to ka daina bincike, ka koma kare abin da ka riga ka yanke. Ni ma na sha faɗawa wannan ramin, ba wa'azi nake muku ba.

25/ A 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar foliyo ta asali. Sarakuna da malamai da matan da suka bi gida-gida suna da babban kaso a wannan, da yawansu da shakka suka fara. Yaya, in kana karantawa: turo min sunan allurar da sunan mai maganar, mu bincika tare.