Rigar Shafi da Nauyinta: Tarihin WordPress Daga Bakin Iyakar Mai'adua

A ranar 27 ga Mayu 2003, Matt Mullenweg ɗan Amurka da Mike Little ɗan Ingila suka fitar da wata manhaja da suka raɗa wa suna WordPress. Ba daga tushe suka faro ta ba. Sun ɗauko wata tsohuwar manhaja ce mai suna b2, wadda mai ita Michel Valdrighi ya daina kula da ita, suka ɗora gini a kai. Yau sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a kanta suke zaune, har da jaridun Hausa da dama da muke karantawa a waya kullum.

Babban sauyin ya zo ne a Fabrairun 2005, da fitowar sigar 1.5. A nan aka raba rubutu da kamanninsa: labari yana ajiye a rumbun bayanai, launi da tsari da siffar haruffa kuwa suna cikin wani ƙunshi dabam da za a iya cirewa a sa wani ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya ba. Wannan ƙunshi shi zan kira riga. Rigar da aka fi sani a lokacin ita ce Kubrick ta Michael Heilemann, mai shuɗin kai, wadda ta zauna a matsayin rigar gida har 2010. Ba ta da ado, amma ko a kan raunanniyar intanet takan buɗe nan take.

Sai kasuwa ta shigo. A 2008 kamfanin Envato na Ostareliya ya buɗe ThemeForest, inda masu ɗinki ke baje rigunansu. Lissafin mai sayarwa a fili yake: riga ɗaya da za ta shiga wa asibiti da makaranta da kanti da gidan jarida ta fi kawo ciniki. Don haka aka riƙa cusa wa kowace riga hotuna masu zamewa, da haruffa iri-iri, da lambobin umarni na ayyukan da mai shafin ba zai taɓa buƙata ba. Avada, wadda ta fito a 2012, ita ce sarauniyar wannan salo. Babbar riga ce mai aska takwas, kuma mai karatu ne ke ɗaukar nauyinta, domin wayarsa ce ke sauke kayan kafin ya ga layin farko. Zuwa 2022, ƙididdigar HTTP Archive ta nuna matsakaicin shafi a waya ya kai kimanin megabayit 2.

Ku auna wannan da garin Mai'adua, a masarautar Daura, dab da iyakar Nijar. Ranar Lahadi kasuwa na cika da fatake da dillalan dabbobi daga ƙasashen biyu. Mai son duba labarin farashi ko na iyaka, da ƙaramar waya zai duba, da datar da ya saya da ƙididdiga, a kan layin da jama'a suka yi wa yawa. Mai ɗinka rigar kuwa a kan kwamfuta mai ƙarfi ya gwada ta. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin sadarwa a Janairun 2025, kowane hoton ado ya ƙara tsada.

Gyara ya zo, amma daga Google ya fara, ba daga tausayin mai karatu ba. A 2010 kamfanin ya sanar cewa saurin shafi zai shiga lissafin jerin sakamakon bincike. A 2015 ya kawo AMP, wanda a ganina cinikin ɓacin rai ne: shafi ya yi sauri, amma daga rumbun Google ake karanta shi. A 2020 ya fitar da ma'aunai, ciki har da cewa babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Sannan WordPress ta motsa: sigar 5.5 ta daina sauke hoto sai mai karatu ya kusa isa gare shi, 5.8 ta karɓi hotunan WebP marasa nauyi, 5.9 kuma a Janairun 2022 ta kawo riguna na tubali.

Akwai wani nauyi da ya keɓanta da mu. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a boko tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorancin aikin talifi a Zariya, kuma Unicode ya ba su gurbi tun farkon shekarun 1990. Amma yawancin riguna daga Google Fonts suke jawo haruffansu, can kuma an yanka kowane salon rubutu gunduwa-gunduwa. Haruffan Turanci suna fayil ɗaya, namu suna faɗawa wani. Da zarar ƙ ta bayyana, waya sai ta sauke fayil na biyu. Idan akwai rubutu mai kauri, ta ƙara wani. Wato shafin Hausa ya fi na Turanci nauyi a riga ɗaya. Abin takaicin shi ne sau da yawa mai zanen bai ma zana ƙ ɗin ba, sai wayar ta aro ta daga wani salo, ta fito a tsakiyar kalma kamar baƙon haƙori. Wannan na cikin dalilan da editoci ke zubar da lanƙwasa gaba ɗaya, har ƙasa da kasa su zama abu guda. Alhali salo irin su Noto na Google da Andika na SIL suna da haruffan cif, kuma kyauta ne.

A Mai'adua matsalar ninki biyu ce, don ƙa'idojin rubutu biyu ne suka haɗu a nan: Nijar na rubuta ƴaƴa, Nijeriya na rubuta 'ya'ya. Na farko yana buƙatar harafin da salo da yawa ba su da shi. Na biyu kuwa WordPress takan ɗauki alamar farkon kalma a matsayin buɗe zance, ta juya ta baibai. Ko sunan garin bai tsira ba: idan manhajar ta zo ƙera adireshin labari, sai ta cire alamar hamza, Mai'adua ta koma maiadua.